Jan Katin Katanga

Idan kana son sanin wanda ya ci wasa, je fili ranar Lahadi. Idan kuwa wanda ya kamata ya ci kake nema, sai ka jira Litinin ka zo shagon Mai Aski.

Shagon ɗan ƙarami ne: kujerar aski ɗaya, benci biyu, madubi mai tsaga a kusurwa, da wata tsohuwar fanka da ke ta girgiza kai kamar ba ta yarda da maganar kowa ba. A ƙarƙashin madubin akwai dogon katako inda yake jera kayan aiki, kuma a kan katakon nan ake sake buga duk wasan da aka yi a unguwar. Baƙin mataji shi ne mai tsaron baya, jan mataji ɗan wasan gaba, murfin kwalbar sifirit ƙwallo. Burushin hoda kuwa alƙalin wasa ne, domin a cewar Mai Aski, kansa duk gashi ne, babu komai a ciki. Sau nawa ya bar bawan Allah da rabin kai a aske, mayafi a wuya, ya koma yana tura mataji yana nuna yadda aka yi satar gida. Mai sauri ba ya zuwa aski ranar Litinin.

Shi dai bai taɓa buga ƙwallo ba. Kowa ya san haka, ba dai mai faɗa a gabansa. Amma Allah ya ba shi murya, irin wadda in ya tsaya a gefen igiyar fili ya saki, sai mai tsaron gidan can ɗaya ɓangaren ya waiwayo.

A ƙarshen benci, dab da ƙofa, akwai wurin da ba a zama, ko da shagon ya cika. Na Mai Walda ne. Shekara talatin ke nan, kullum da yamma in ya kashe inji yakan zo da warin ƙonannen ƙarfe a rigarsa, idanu jajir, ya zauna ya miƙe ƙafa. Shi ba mai magana ba ne. Mai Aski zai yi minti ashirin yana zuba, jijiyar wuya a tashe, shi kuwa sai ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Ba haka aka yi ba." Shi ke nan sai a koma farko. Mai Aski na goyon bayan ƙungiyar 'yan tudu, Mai Walda na 'yan gangare, kuma a iya sanin mutane ba su taɓa yarda da juna a kan bugun fenareti ko ɗaya ba. Amma lokacin da matar Mai Aski ta sha wahalar haihuwar autansu, aka ce ana neman jini, Mai Walda ne ya naɗe hannun riga ya miƙa, bai ma jira an tambaye shi ba.

Wannan autan shi ne yanzu mai tsaron bayan 'yan tudu, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya mai faɗin ƙirji. A gida Auta ne, a fili Katanga. Shi ma Mai Walda yana da ɗa namiji, guda ɗaya tal, sa'an Auta, kuma shi ne ɗan wasan gaban 'yan gangare. Ana ce masa Tartsatsi, don in ya ɗauki ƙwallo ba ka ganin inda ya bi. Tare suka yi rarrafe, tare suka sha dukan malamai, sai ƙwallo ta raba musu riga.

Ranar Lahadin da abin ya faru, ana ɗaya da ɗaya, saura minti goma a tashi. Tartsatsi ya riga ya yanke Katanga sau biyu, na biyun ma ta tsakanin ƙafafu ya zura masa, 'yan gangare suka ɗauki ihu da shewa har da masu faɗuwa ƙasa don dariya. Mai Aski ya ji abin har cikin ƙashinsa. Da aka sake turo wa Tartsatsi ƙwallo ta gefen da yake tsaye, sai ya kama igiya da hannu biyu ya saki muryar nan.

"Share shi! Kar ya wuce! Share shi!"

Ba sabuwar magana ba ce. Shekara ashirin yana faɗinta duk Lahadi, ga kowa, a kan kowa.

Katanga ya shiga da ƙafa biyu. Aka ji wata ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen ice. Tartsatsi bai yi birgima irin ta masu neman bugu ba, ya kwanta ne kawai, hannu ɗaya a sama. Alƙalin wasa ya busa usur, ya zaro jan kati.

Nan Mai Aski ya yi abin da ya fi iyawa. Ya tsallake igiya ya nufi alƙalin, yatsa a gaba. "Ja? Ja fa ka ce? Ƙwallo ya fara taɓawa! Idonka na ina?" Mutane suka kewaye su, kowa na faɗin tasa, shi kuwa yana tsakiya yana kwatanta shigar da hannu. Bai san minti nawa ya ɗauka ba. Da ya waiwaya, an riga an ɗora Tartsatsi a bayan wata motar ɗaukar kaya, tana fita ta ƙofar fili. Mai Walda na durƙushe a bayan motar, kan ɗansa a cinyarsa. Ya ɗago sau ɗaya, suka haɗa ido, motar ta sha kwana.

Ƙashin ƙwauri ne ya karye, gida biyu.

Ranar Litinin shagon ya cika har waje. Direban bas ne ya fara, ya ce ƙwallon yanzu ta zama rawa, ka hura wa mutum iska ya faɗi, a zamaninsu wannan ko gargaɗi ba a bayarwa. Tela ya ce a'a, ƙafa biyu a sama, ƙusoshin takalmi a waje, ko a talabijin ja ne, ko kakarka ce alƙali ja za ta bayar. Mai gyaran waya ya ce laifin fili ne, ramuka sun yi yawa. Wani ya ce laifin koci ne da bai sauya yaron ba tun da aka yi masa ta tsakanin ƙafa. Wani kuma ya rantse alƙalin nan surukin ɗan gangare ne, da aka tambaye shi wane ɗan gangaren sai ya ce zai bincika.

Mai Aski ya share katako, ya jera mataji. Ya ajiye murfin kwalba a gaban jan mataji, ya turo baƙin a hankali, ya sa haƙoransa suka fara taɓa murfin, sannan jikinsa ya bugi jan. "Kun gani? Ƙwallo tukuna, sannan mutum. Tsautsayi ne. Katin gargaɗi ma don a kwantar da hankali ne." Ya nuna wa kowa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce ja, sai ya sake nuna masa daga wani ɓangaren. Ya zuwa Laraba ya samu mutum goma sha ɗaya a bayansa, saura Tela da wasu masu taurin kai uku.

Wurin nan na ƙarshen benci kuwa yana nan fayau. Duk lokacin da inuwar mutum ta faɗo a bakin ƙofa sai gabansa ya faɗi, ya ɗago, ya ga ba shi ba ne, ya ƙara ɗaga murya.

Da safen Laraba matarsa ta tare shi yana ɗaura agogo.

"Malam, yau kwana uku. Ka je ka duba yaron nan?"

"Zan je."

"Yaushe?"

"Bari a gama tantance maganar tukuna. Da wace fuska zan shiga, alhali rabin unguwa na cewa da gangan ne? In aka tabbatar tsautsayi ne, sai in je da ƙwarin gwiwata, in ce masa mutumina, ka ga yadda aka yi."

"Wa zai tabbatar? Matajinka?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Ni kullum ina can," ta ce. "Maman yaron ta riƙe hannuna, ba ta ce min komai ba. Shi kuma babansa ya gaishe ni da kyau. Ya ce ya gida, ya yara, ya jikin Auta. Bai ce ya Mai Aski ba."

Wannan ta shige shi. Amma da yake shi mutum ne da in abu ya yi masa zafi sai ya nemi wanda zai yi gardama da shi, sai ya ce ai mutum a cikin damuwa yakan manta.

"Kuma ɗanka ba ya cin abinci," ta ƙara. "Bai je wurin aiki ba tun ranar. Ga takalmansa can gindin famfo da ƙasarsu, ya hana a wanke, ya hana a ɗauke."

"Baƙin cikin kati ne. Zalunci ba daɗi."

Ta dube shi irin duban da mace ke yi wa mijin da ta yi shekara talatin tana haƙuri da shi, ta koma ciki.

Gaskiyar magana, tsoro yake ji. Ba tsoron zagi ba, da ma Mai Walda zai zage shi da ya samu sauƙi. Tsoron shirun mutumin yake ji. Ya sa a ransa cewa in har ya ci gardamar nan, in kowa ya yarda katin bai kai ja ba, to abin da ya faru zai ragu, ya zama abin da za a iya ɗauka a shiga da shi gidan aboki. Haka masu kallon ƙwallo suke, Allah ya shirye mu. Ƙafa na can a karye, su suna nan suna neman launinta.

Ranar Alhamis da rana, sai ga alƙalin wasa da kansa a bakin shago. Malamin lissafi ne a makarantar firamare, siriri mai sanƙo, wanda duk gashin kansa bai kai a kunna masa kilifa ba. Direba ya janye ƙafa ya ba shi hanya.

"Aski ka zo, ko haƙuri ka zo bayarwa?" in ji Mai Aski.

"Aski. Shekara tara a nan nake yi, ban san wani wurin ba."

Ya zauna. Mai Aski ya ɗaura masa mayafi, ya ɗan matse wuyan fiye da yadda ya kamata. Ya yi masa yanka biyu a ƙeya, sai ya kashe kilifa, ya juya kujerar ta fuskanci katako.

"Malam, tunda Allah ya kawo ka, duba nan. Kai mai ilimi ne. Ga ƙwallo. Ga yaron. Ga Katanga ya taho ta nan."

Malamin ya bari ya gama, har sau biyu. Sannan ya ce a hankali, "Mai Aski, matajinka ba shi da ƙashi."

"Me ka ce?"

"Ni taku biyar ne tsakanina da su. Ƙarar na ji. Shekaranjiya wata yarinya ta karya fensir a aji, sai da na dafa tebur." Ya gyara mayafin a wuyansa. "Zagi ba ya damuna, na saba, da shi ake biyanmu. Amma na ga fuskar ɗanka kafin in sa hannu a aljihu. Ko ban ɗaga kati ba, yaron nan ba zai iya ƙara taku ɗaya a filin ba. Katin ne ma ya ba shi hanyar fita."

"Kai dai kare kanka kake yi."

"To. An sallamo yaron jiya, yana gida. Na ce ko ba ka ji ba."

Bai ji ba. Duk labarin unguwar nan a shagonsa ake fara sauke shi, amma wannan ba wanda ya kawo masa. Ana cikin haka, sai ga Auta ya shigo da kwanon abinci a ɗaure. Uwarsa ce ta matsa masa ya kawo, don dai ya fita ya ga rana. Ya rame a kwana huɗu, idanunsa sun faɗa. 'Yan benci suka ɗauka, "Katanga! Katanga ba a wuce ka!" Bai ko dube su ba.

"Yawwa!" in ji Mai Aski, kamar wanda aka kawo wa ɗauki. "Ga mai abin. Zo nan, Auta. Gaya wa malam da bakinka. Ƙwallo ka fara taɓawa ko ba ita ba?"

Auta ya ajiye kwanon. Ya tsaya yana kallon katakon, baƙin mataji, jan mataji, murfin kwalba a tsakaninsu. Sai ya sa yatsa ya tura murfin gaba, ya ƙara turawa, har ya wuce kwalbar man gashi, ya kusa ƙarshen katako.

"A nan take, Baba."

Ba wanda ya yi motsi, ban da fanka.

"Ta riga ta wuce. Na gan ta ta wuce."

"To me ya kai ka?" Muryar Mai Aski ta fito 'yar ƙarama, ba irin tasa ba.

"Ka ce in share shi." Ba da fushi ya faɗa ba, ba kuma don ya ɗora wa wani ba. Faɗa kawai ya yi, kansa a ƙasa. "Ni duk filin nan muryarka kaɗai nake ji, Baba. Tun ina ƙarami. In mutum dubu na ihu, taka nake tsinta. An yi min ta tsakanin ƙafa a gabanka, na ji kunya, sai na ji ka ce share shi." Ya ɗago kai. "Amma ni na shiga. Ƙafata ce."

Ya juya ya fita. Direba ya tuna yana da fasinja, mai gyaran waya ya tuna ya bar shago a buɗe. Tela, wanda ya ci gardama, shi ya fi kowa sunkuyar da kai da zai wuce.

Mai Aski ya sake kunna kilifa. Malamin ya kama hannunsa ya sauke shi. "Bar shi haka. Zan sa hula."

Da ya rage shi kaɗai, ya zauna a kujerar askin da bai taɓa zama a kanta ba sai in zai gyara ta. Shekara ashirin yana watsa maganar nan a gefen fili, yana ɗaukarta kamar gashin da yake sharewa da yamma ya zubar, abin da ba mai waiwaya. Ashe akwai mai tsincewa, kuma a gidansa yake kwana. Kunya ta rufe shi, da tausayin yaron, da wani irin kewar abokinsa da ya ji kamar yunwa. Ya tashi ya ja ƙofar shago da rana tsaka, tawul ɗin aiki na nan a kafaɗarsa, bai ma lura ba.

Ya samu Auta a zaune gindin famfo.

"Tashi mu je."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ni ma ba zan iya ba. Tashi."

Matarsa na bakin ƙofar kicin, ta matsa musu hanya.

Tafiyar minti biyar ce zuwa gidan Mai Walda. A hanya Mai Aski ya shirya jawabi mai kyau, da farko da tsakiya da ƙarshe, ya maimaita shi sau biyu a ransa. Wurin aikin na gaban gidan ne, rumfar kwano, ƙofofin ƙarfe da tagogi jingine da bango suna jiran masu su. Mai Walda na tsugune yana yanka wani siririn bututu da zarto. A gefensa ga wasu guntayen bututun an yanka an watsar.

"Sannu da aiki."

"Yawwa." Bai ɗago ba. Zarto ya ci gaba.

Jawabin nan ya gudu, ko kalma ɗaya bai bari ba. Mutumin da ke iya awa guda a kan bugun kwana ya tsaya yana murza tawul.

"Ja ne," ya ce a ƙarshe.

Zarto ya tsaya.

"Katin. Ja ne. Kuma nawa ne, ba nasa ba. Ni na ce ya share shi."

"Na ji ka," in ji Mai Walda. "Wa bai ji ka ba?" Ya ajiye zarton, ya goge hannu a wando, har yanzu idonsa na kan bututun. "Ba wannan ne ya ƙona ni ba. Ihu kowa na yi, ni ma da ina da muryar da na yi. Amma ka san me? Da na durƙusa a kansa, ƙafar ta juya wani iri, ina buƙatar wanda zai tallafe min ita mu ɗaga shi. Na ɗago kai na ce ina mutumina. Sai na hango ƙeyarka kana gardama da alƙali." Ya mirgina bututun da hannu. "Wani bawan Allah ne ya kama min. Har yau ban san sunansa ba."

Hawaye suka ciko idanun Mai Aski. Ya bar su suka zubo, bai ko kai tawul ba.

"Kwana uku," in ji Mai Walda, "duk takun da na ji a barandar asibiti sai in ce kai ne."

"Ka yafe min."

Mai Walda bai ce na yafe ba, bai kuma ce ban yafe ba. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, sai a lokacin ya dubi Auta, wanda ya maƙale a jikin wata ƙofar ƙarfe kamar yana so ta haɗiye shi. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya sake dubawa.

"Kai, zo nan."

Auta ya taho, ya tsaya a gabansa, ya runtse ido. Ya shirya wa mari, kuma da alama yana so a yi masa.

"Tsaya daidai. Sauke kafaɗa. Ɗaga hannu kaɗan."

Mai Walda ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya sa bakinsa a ƙarƙashin hammatar yaron, ya ja har ƙasa. Ya duba, ya ɗauki alli ya yi alama a jikin bututu. Ya sake aunawa daga hammata zuwa tafin hannu.

"Likita ya ce a samo masa sandunan dogarawa," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Na kasuwa ban yarda da su ba, ka jingina su lanƙwashe. Shi ba ya iya tsayuwa in auna shi, a kwance kuma awon ba ya fita. Tun safe nake yanka da ka, ina ɓata ƙarfe." Ya nuna guntayen da ƙafa. "Kai da shi tsawonku ɗaya."

Auta ya cije leɓe, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Tsaya cik mana, za ka ɓata min awo."

Ya yanka huɗu daidai alama, ya goge bakinsu, ya jera su biyu biyu a kan teburin ƙarfe. Ya sa gilashinsa, ya kunna inji. Sannan ya ce, "Kai kuma kama min nan. Kawar da fuskarka."

Mai Aski ya kama da hannu biyu. Zafi ya biyo bututun har tafinsa, tartsatsi na sauka a kan takalminsa, bai saki ba. A tsakanin wannan ɗinkin walda da na gaba, da inji ya lafa, ya yi ƙarfin hali ya tambaya.

"Zai sake bugawa?"

"Sun ce zai yi tafiya."

"Ƙwallon fa?"

"Ba su ce ba. Riƙe da kyau."

Da aka gama, ya tsoma su a ruwa suka yi cuu, ya sa musu roba a ƙasa. Saura abin da za a naɗe saman don kada ƙarfe ya ci hammata. Mai Walda ya duba nan ya duba can, ba komai sai tsummokara masu baƙin mai. Mai Aski ya sauke tawul ɗin kafaɗarsa, ya kama da haƙori ya raba shi biyu. Mai Walda ya karɓa, ya naɗe, ya ɗaure da waya.

Ya miƙa wa Auta. "Gwada min. Sai da nauyin mutum ake sanin ɗinki."

Auta ya sa su a hammata.

"Ɗage ƙafa ɗaya. A'a, ta hagu."

Ya ɗage ta hagu. Suka bi shi ta ƙaramar ƙofa zuwa tsakar gida. Ya dogara, ya yi tsalle ɗaya, ya kusa kifawa, ya gyara. Ya sake. Sandunan na buga siminti, ƙwas, ƙwas, hawaye na ɗiga daga haɓarsa, ba hannun da zai share. Maman Tartsatsi ta fito da bokiti, ta gan shi, ta ajiye bokitin ta rufe baki da gefen mayafi.

"Je ka bango ka dawo," in ji Mai Walda. "Saki nauyinka duka, kar ka ji tausayinsu."

Ya je bango, ya juyo da ƙyar. Sai aka ji murya daga tagar ɗakin da ke kusa, murya mai rauni, amma ba a kasa gane mai ita.

"Kai, Katanga. Da ƙafa biyu ma ba ka da sauri, balle ɗaya."

Auta ya tsaya cak a tsakiyar gida.

"Kwana huɗu ina tambayarka. Kawo min kayana in gani."

Auta ya dubi babansa, ya dubi Mai Walda. Mai Walda ya nuna masa ƙofar ɗakin da haɓa. Ya juya sandunan, ya nufi can, ƙwas, ƙwas. An gama gwaji, ba wanda ya ce masa ya ci gaba da ɗage ƙafar. Amma bai sauke ta ba, a haka ya shiga.